Yadda Ɗalibin Tarihi Zai Zaɓi Batun Bincikensa a Digiri na Biyu ko na Uku

Abin da ya fi kayar da ɗaliban tarihi a digiri na biyu da na uku shi ne raɗa wa kundi suna tun ba a san inda hujjojinsa suke ba. Sai sashe ya amince da take, an shiga shekara ta biyu, sannan ɗalibi ya gano takardun da yake buƙata da Larabci suke, shi kuwa ba ya karanta Larabci, ko kuma dattawan da suka san maganar duk sun kwanta dama. Don haka kafin ka je gaban malamin da zai duba aikinka, fara duba abin da ka taho da shi daga gida.

Ɗauki takarda ka rubuta harsunan da kake iya karantawa, da rubutun da idonka ya saba da shi, da irin gidajen da za a buɗe maka ƙofa. Wanda ya yi makarantar allo har ya zauna zaure ya karanta littattafan fiƙihu yana riƙe da mabuɗin ƙarni na 19: wasiƙun sarakuna da wazirai, da littattafan malaman Sakkwato, da waƙoƙin ajami. Asara ce babba irin wannan ɗalibi ya tafi rubuta tarihin wata ƙaramar hukuma da aka ƙirƙira jiya-jiya. Wanda Turancinsa ne kaɗai mai ƙarfi, filinsa zamanin Turawa ne, daga 1900 zuwa 1960. Mai jin Faransanci yana iya tsallaka iyaka ya bi Damagaram da Maraɗi da Adar. Ɗan gidan marina ko maƙera ko mahauta ya san kalmomin sana'a, ya kuma san tambayar da ba a yi wa babba a bainar jama'a. Ɗaliba kuwa tana shiga har ɗakin tsofaffin mata, inda namiji baƙo iyakarsa soro, kuma a can ne labarin aure da bauta da ƙananan sana'o'in cikin gida yake.

Daga nan sai a daidaita batu da inda kayansa suke. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ɗaya daga cikin manyan rassa uku tare da Ibadan da Enugu, shi ne gidan fayilolin mulkin mallaka na Arewa. An kasa su bisa ofishin da suka fito: masu alamar SNP daga sakatariyar Lardunan Arewa, sai na larduna irin su KANOPROF da SOKPROF da ZARPROF. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan Sardauna, da tarin rubuce-rubucen Larabci na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. A Yamai, cibiyar binciken ilimin zamantakewar ɗan Adam, IRSH, tana da sashen rubutun Larabci da ajami, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, CELHTO, kuma ta tara ruwayoyin baka. Mai aiki kan Nijar ya sani cewa wani ɓangare na takardun yana Dakar, domin can ne hedikwatar mulkin Faransa a Afirka ta Yamma ta kasance.

Kafin ka rubuta tsarin bincike, je ka yi mako biyu a wurin da kake zaton kayanka suke. Bi kundin sunayen fayiloli, ka fitar da duk wanda ya shafi batunka, ka sa a ɗauko maka aƙalla goma ka buɗe su da hannunka. Wannan matakin ba a tsallake shi, domin sau da yawa sunan fayil yana cikin kundi amma fayil ɗin ya ɓace, ko gara ta ci rabinsa. Idan mako biyu suka ƙare ba ka haɗa fayil ashirin zuwa talatin masu amfani ba, kuma ba ka san dattawa goma da za su yi maka magana ba, to ka sake batu tun da sauran lokaci.

Wani tarko da ke cikin wannan nema shi ne iyakokin larduna. Mai binciken Katsina da ya tsaya a fayilolin lardin Katsina zai yi zaton babu komai kafin 1934, alhali masarautar tana ƙarƙashin lardin Kano har 1926, sannan aka mayar da ita lardin Zariya kafin ta tsaya da kanta. Haka nan Turawa sun rubuta sunan gari ɗaya da haruffa iri-iri, sai ka nemi Haɗeja ko Katsina da duk yadda kunnen Bature zai iya jin su.

Batu mai kyau yana da wuri, yana da shekarun farawa da ƙarewa, yana kuma da tambaya. "Tarihin kasuwanci a Kano" fili ne da mutum zai tsufa a cikinsa. Amma abin da ya sami fatake masu jakuna da raƙuma a gunduma ɗaya bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zuwa 1930, wannan ana iya gama shi cikin shekara biyu. Ga digiri na biyu, gunduma ɗaya ko sana'a ɗaya cikin shekara ashirin zuwa arba'in ta isa. Tarihin jihadi da jerin sarakunan gari an yi musu rubdugu tun bayan aikin Murray Last kan Sakkwato da na Yusufu Bala Usman kan Katsina, kuma wanda zai koma can sai yana da sabuwar takarda ko sabuwar tambaya. Gefe guda ga filaye da ke jiran manoma: fataucin goro zuwa Salaga a ƙasar Gonja, mahajjatan da suka bi hanyar ƙasa suka zauna a Sudan, ciki har da mutanen Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da suka tafi bayan yaƙin Burmi na 1903, da ci-rani, da annoba, da shari'o'in gado da filaye a littattafan kotunan alƙalai.

Rahotannin kimanta haraji na gundumomi suna cike da alƙaluman mutane da dabbobi da gonaki, kuma ɗalibai kan kwashe su kamar wahayi. A tuna dalilin ƙidayar: haraji da jangali. Talaka yana ɓoye ɗansa, Bafulatani yana kora shanunsa daji, dagaci yana rage ko ƙara bisa abin da zai fisshe shi, Di'o kuma ta bakin tafinta yake ji. Yi amfani da lambobin, amma ka gwama na shekaru daban-daban, ka faɗa wa mai karatu wanda ya ƙirga da abin da ya sa.

Hira da dattawa tana da nata ladubba. Shiga gari ta hannun mai unguwa ko limami, kada ranar farko ka fito da na'urar ɗaukar magana. Nemi izini kafin ka ɗauka, ka rubuta suna da shekaru da sana'a da wuri da rana, ka kuma tambayi wa ya ba shi labarin, domin "na gani" daban ne da "Baba ya faɗa mini". Awa ɗaya ta ishi tsoho, gara ka dawo sau uku. Kada ka yi hira da talaka a gaban ɗan sarki, zai ba ka labarin fada ne. Tambayar "a wace shekara?" ba ta cika haifar da komai ba. Ce masa: "Baba, lokacin an yi zuwan Sarauniya Kaduna?" wato 1956, ko "an koma tuƙin hannun dama?" wato 1972, ko "naira ta fito?" wato 1973. A Nijar yunwar 1984 da ake kira El Buhari ma'auni ce da kowa ya sani. Ka rubuta hirar a daren da ka yi ta, da Hausar da aka yi ta, tun kana tuna inda tsohon ya yi shiru.

Masu aiki da rubutun Larabci da ajami su kula da shekara. Don mayar da ta Hijira zuwa Miladiyya, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: shekarar 1232 za ta ba ka 1817, shekarar rasuwar Shehu Usmanu. Lissafin yana iya zamewa da shekara ɗaya, saboda haka idan an ambaci wata a duba jadawali. Malamai kan ɓoye shekara a ramzi, wato kalmar da haruffanta ke tsayawa a madadin lambobi, a ƙarshen waƙa, kuma lissafin haruffan Magriba suke bi, inda shin take 1000, ra 200, lam 30, harafin ba kuma 2, in an haɗa su huɗun a sami 1232. Wanda ya ɗauko lissafin Gabas zai ba shin 300, ya jefa waƙar ƙarni bakwai baya. A kuma rarrabe ranar da aka wallafa littafi da ranar da mai kwafi ya gama kwafarsa.

Duk takardar da ka ɗauki hotonta, fara da hoton bangon fayil mai ɗauke da lambarsa, sannan shafukan a jere, ka sa wa jakar sunan lambar tun a ranar. Ajiye kwafi a wuri uku: kwamfuta, da filashi, da imel ɗinka. Ranar kare kundi mai jarrabawa na waje yakan ɗora yatsa kan layi ɗaya ya tambayi daga ina aka samo shi, kuma lambar fayil da shafi yake jira ya ji.