Farfaɗo da haɗiya da lantarki bayan shanyewar ɓarin jiki

Kusan rabin waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki haɗiya na yi musu wuya a kwanakin farko. Da yawa suna warwarewa cikin 'yan makonni, wasu kuwa sai abin ya zauna, kuma su ne ake duba wa maganin na'ura. Haɗarin wahalar haɗiya shi ne ruwa ko koko ya bi hanyar iska ya sauka huhu, ya haifar da nimoniya.

A fara da gwajin haɗiya. Majiyyaci ya zauna a miƙe, ma'aikacin lafiya ya ba shi ruwa cokalin shayi ɗaya, ya saurara. Tari, ƙwarewa, ko murya mai kama da kurkure da ruwa, alama ce a dakata. Wani ma ruwan na shiga huhunsa ba tare da ya yi tari ba, don haka zazzaɓi da saurin numfashi bayan cin abinci ba abin rainawa ba ne. A Katsina a nemi sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya, a Daura a fara da babban asibiti, a tambaya wace na'ura suke da ita ko ina za su tura ku.

Hanyar da aka fi sani ita ce ta wuya, irin na'urar VitalStim. A aske gemun ƙarƙashin haɓa, a goge man shafawa da gumi, domin a zafin bazara maƙalan na'urar, wato 'yan faifan da ke kai lantarki jiki, ba sa kama jiƙaƙƙiyar fata. Ana liƙa su a gaban wuya, na'urar na bugu 80 a daƙiƙa, ana ƙara ƙarfi sannu a hankali, iyakarsa miliamfa (ma'aunin ƙarfin lantarki) 25, har majiyyaci ya ji tsoka ta kama ba tare da zafi ba. Zama ɗaya minti 30 zuwa 60 ne, yawanci kwana biyar a mako. Wurin liƙawa shi ne komai. Idan mutum zai haɗiye, zakaran wuya na hawa sama ya taimaka a rufe hanyar iska. Tsokokin ƙarƙashin haɓa ne ke jan sa sama. Idan aka liƙa ƙasa da yawa, lantarkin na iya kama tsokokin da ke jan sa ƙasa, ƙwarewar ta ƙaru. Gefen wuya, inda babbar jijiyar jini take, ba a kusantarsa, don bugun zuciya da hawan jini na iya faɗuwa nan take. Saboda haka kada a sayi na'urar tausa ta kasuwa a ɗora wa Baba a maƙogwaro.

Akwai kuma hanyar ƙwaƙwalwa, ita iri biyu ce. Ɗaya soso biyu ne jiƙe da ruwan gishiri a kan kai, lantarki miliamfa 1 zuwa 2, minti 20 zuwa 30. Ɗan ƙaiƙayi ba komai ba ne, amma in soson ya bushe yana ƙona fata. Ɗayar maganaɗisu ce ake riƙewa a saman ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke sarrafa haɗiya. Mai farfaɗiya, mai ƙarfe a cikin kai, da mai batirin zuciya, dole su sanar da likita tun kafin a kunna komai.

Lantarki ba ya aiki shi kaɗai. Yana kunne majiyyaci na atisayen haɗiya da ƙarfi, na yawu ko na abin da likita ya amince, domin ta haka ƙwaƙwalwa ke koyon sabuwar hanya. A gida a zaunar da shi a miƙe, a ba shi ƙaramin cokali, ya zauna minti 30 bayan ya gama. Kunu mai kauri ya fi tsinkakken ruwa sauƙin sarrafawa ga mafi yawansu, fura kuma a dama ta sosai a tace gudaje. A wanke baki da buroshi safe da dare. In har yanzu yana ƙwarewa ko yana ramewa, a yarda da robar ba da abinci ta hanci, ana ci gaba da atisayen tana ciki.