Kafin ka sayi tsohuwar ƙaramar mota

'Yan'uwa, mai neman abin hawa da kuɗi kaɗan kada ya raina tsofaffin ƙananan motoci irin su Toyota Yaris, Honda Jazz ko Nissan Micra. Ba sa shan mai sosai, kayan gyaransu na samuwa, kuma mai ita na farko ya riga ya ɗauki asarar faɗuwar daraja.

Sai dai arha ba ta ado. Ka je da makanikenka, ku same ta injin a sanyaye, don mai sayarwa mai wayo yakan ɗuma ta kafin ku iso. Shuɗin hayaƙi a salansa alama ce tana ƙona baƙin mai. Buɗe murfin baƙin man: in ka ga fari-fari kamar madara, wataƙila ruwa na shiga injin, gyara ne mai cin kuɗi. Leƙa ƙarƙashinta. Tsatsar da ta ci ƙashin mota ta fi lotsewar ƙofa muni nesa ba kusa ba. Tambayi yaushe aka canza bel ɗin taimin, in mai bel ce, domin in ya tsinke a kan tafiya a injuna da yawa bawul ne ke lanƙwashewa.

Inda na fi jin tsoron irin waɗannan motoci shi ne tsaro. Na'urar hana santsi ta ESC, mai hana mota ƙwacewa a kwana, ba ta zama dole a duk sabbin motocin Tarayyar Turai ba sai 2014, don haka tsofaffi da dama ba su da ita. Ga zirga-zirgar cikin gari sun wadatar, amma mai doguwar tafiya da iyali kullum gara ya ƙara tara kuɗi.