Babi na shida: Rufe littafin, ka faɗa da ka

Assalamu alaikum 'yan aji. Wannan babin na rubuta shi ne saboda maganar da nake ji kullum a ajinmu na yamma, "Malam kaina ya toshe", "Malam girma ya zo ba abin da ke zama". Toh iyayena ku yi haƙuri, ni dai ban yarda ba. A nan Katsina na koyar da wata Inna mai ƙuli-ƙuli wadda ta san bashin da take bin mutum goma sha wani abu da ka, har canjin naira hamsin ba ya ɓace mata, amma ana zuwa haruffa sai ta ce ita ba ta da kai. Na ce Inna ai kan da ya riƙe bashin nan shi ne dai zai riƙe harafi, bambancin kawai bashin kullum kina juya shi a rai, harafin kuwa kina tashi daga aji kin bar shi a kan benci.

Abin da za ku tanada, littafin rubutu ɗaya da fensir da minti goma. Shikenan, ba a sayen magani.

Darasi na 1: lambar wayarka

Za mu fara da lambar wayarka saboda abin kunya ne a tambaye ka ita a banki ko asibiti ka tsaya neman yaro ya duba maka. Lambar waya a Najeriya guda 11 ce a jere. Haka NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, 11 ce, BVN ta banki ma 11. Wani masani ɗan Amurka mai suna George Miller ya yi rubutu a 1956 cewa abin da mutum ke iya ɗauka a kai lokaci guda bai cika wuce bakwai ba, ko sama kaɗan ko ƙasa kaɗan. Kun ga kenan in 11 ta gagare ka ba laifinka ba ne, loma ce ta yi wa baki yawa. Sai a gutsura.

Ka rubuta lambar a littafinka da manyan baƙi. Ka ƙirga huɗu na farko daga hagu, wato ɓangaren da boko ke farawa, irin su 0803 ko 0706, ka ja layi a tsaye. Ka ƙirga uku ka sake jan layi. Saura huɗu. Yanzu kana da kashi uku. Ka karanta kashin farko da ƙarfi sau uku, da baki fa, yadda na kusa da kai zai ji.

Yanzu ka rufe littafin.

A nan nake so mu daɗe, don nan ne kowa ke faɗuwa. In na ce rufe littafi ina nufin murfi ya hau kan takarda, ka ɗauke hannunka daga kai, in wayar tana gabanka ka kifa ta. Sannan ka faɗi lambobin nan huɗu da ka. In sun zo, alhamdulillahi. In ba su zo ba kada ka yi saurin buɗewa, ka ɗan tsaya ka ƙirga goma a zuciya kana lalube, wannan lalumen da kake jin kamar wahala shi ne aikin gaba ɗaya, shi ke sa abin ya kama. Bayan nan ka buɗe ka duba, ka gyara inda ka yi kuskure, ka sake rufewa, ka sake faɗa.

Akwai wani Baba da ke zama a bencin baya, in na ce a rufe sai ya rufe amma yatsansa na ciki, yana ɗan ɗaga shafin kamar mai leƙa tukunya. Na ce Baba a cire yatsan nan. Ya ce "Malam ai don kada shafin ya ɓace ne". Duk ajin aka yi dariya har shi. Sati biyu ya yi yana karanta lambarsa lafiya lau, ranar da na karɓe littafin ko kashin farko bai kawo ba. Da ya haƙura ya cire yatsan, kwana huɗu ya haddace ta.

Dalilin shi ne in kana kallon abu kana maimaitawa, ido ne ke sabawa, sai ka ɗauka ka iya alhali takarda ce ke riƙe maka. Kuma wannan ba sabon abu ba ne a wajenmu. Wanda ya yi makarantar allo ya sani ba a wanke allo sai an ba da hadda, kuma wajen ba da haddar malam ba ya barin ka kalli rubutun, juya allon ake yi. Toh shi ne dai nake roƙo, juya allon.

In kashin farko ya zauna ka ɗauki na biyu, karanta sau uku, rufe, faɗa, buɗe, duba. Sai ka haɗa na ɗaya da na biyu, ka rufe, ka faɗa. Haka na uku. Kada ka damu in ka yi kuskure sau biyar, ba wanda zai yi maka bulala, kuskuren da ka yi littafi a rufe ya fi daidai ɗin da ka karanto littafi a buɗe. Hajiya ke ma haka, kada ki ce jikanki zai riƙa tuna miki, in ya faɗa miki kamar kin buɗe littafi ne.

Gargaɗi ɗaya, lambar sirri ta katin ATM, guda huɗun nan, ba a rubuta ta a littafin aji kuma ba a faɗin ta da ƙarfi. Ita a zuciya za ka yi mata wannan aikin. BVN ma kada ka karanta wa wanda ya kira ka a waya ko da ya ce daga banki yake.

Darasi na 2: yaushe za a maimaita

Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa a 1885. Shi da kansa ya riƙa haddace wasu gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana gwada kansa bayan lokaci, ya gano mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko da ranar farko, daga baya sai ta rage gudu. Saboda haka abin da ka koya yau da la'asar kada ka bari sai wani sati.

Ku ɗaure shi da lokutan salla don su ba a manta su. Bayan isha'i ka faɗa sau ɗaya, gobe bayan asuba sau ɗaya, sai jibi, sai gata, sai ranar da ya cika sati. Kowane zama minti biyu ya isa. Kuma kowane zama da rufaffen littafi ake farawa, ka faɗa tukuna sannan ka buɗe ka duba. Ba ka buɗe ka karanta sannan ka rufe ka ce ka tuna ba, wannan yaudarar kai ce. Rufe, faɗa, buɗe, duba. Mahaddacin da ya sauke izu sittin ma in ya bar tilawa sai ta fara zille masa, balle ni da kai.

Nan kam zan ɗan yi faɗa. Wasunku littafin a aljihun babur yake kwana daga Litinin zuwa Litinin, wasu an naɗe ƙosai da shafi biyu, sannan a zo a ce min Malam kai ya toshe. Awa biyu ana zaune a majalisa ana musun siyasa amma minti biyu bayan asuba ya gagara. Haba jama'a. Ni fa ba zan iya shiga kanku in rufe muku littafin ba.

Darasi na 3: rataya sabon abu a jikin wanda ka sani

Bakatsine ba ya neman a tuna masa Ƙofar Kaura da Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Guga da Ƙofar Marusa, ƙafarsa ta san su. In cefane huɗu aka aike ka, ka ajiye kowanne a ƙofa ɗaya cikin tunani, manja a Ƙofar Kaura, daddawa a Ƙofar Ƙwaya, haka har ƙarshe, in ka isa kasuwa sai ka zaga gari a zuciya ka kwashe kayanka. Wanda ba ya fita ya yi da zaure da tsakar gida da madafa. A shekarar 2000 an auna ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan masu haddace titunan birnin, aka ga wani sashe mai aikin tuna hanya ya fi na sauran mutane girma. Masu kurkurar ajinmu, wato masu tuƙa Keke Napep, sai ku ji daɗi.

Aikin gida, Hausa bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram. Kashi biyu, huɗu da uku. Kun dai san abin da za a yi da littafin.

Darasi na 4: wasa

Dara tana da kyau, ana lissafi a cikinta. Kacici-kacici da jikoki ma haka, shanuna dubu madaurinsu ɗaya, ka bari su yi ta lalube kafin ka ce tsintsiya. In ka saurari labarai a rediyo ka kashe, ka ba wa na kusa da kai labari uku daga ciki. Kashe rediyon shi ne rufe littafin.

Darasi na 5: jiki

A yi barci isasshe, kamar awa bakwai, a cikin barci ne abin da aka koya ke zama. A riƙa ɗan takawa. Mai hawan jini ko ciwon suga ya sha maganinsa. In mantuwar ta kai mutum yana ɓata a hanyar gidansa ko ya kasa gane 'ya'yansa, wannan ba aikin aji ba ne, a kai shi asibiti.

Ranar Litinin zan karɓi littafin kowa a bakin ƙofa kafin ya faɗi lambarsa. Kuma kowa ya zo da fensirinsa, na daina ba da aro.