Kafin ka ce bututu ya lalace: yadda ake gwada saitin bindigar farauta

Idan maharbi ya yi ta kuskuren zabon daji ko fakara, abu biyu yake fara zargi: ko bututun bindiga ya gaji, ko harsashin kanti ba shi da ƙarfi. Daga nan sai shawarar zuwa wurin maƙeri a sa wani bututu, ko a sayi harsashin da aka sake ɗurawa da hannu. Duka biyun suna fasa bindiga a hannun mai ita, kuma da wuya su gyara saiti. Kwali da igiya sun isa su nuna maka inda matsalar take.

Maganar nan ta bindigar farauta ce mai baki ɗaya ko biyu, wadda take da lasisi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ƙaramar bindigar hannu cikin haramtattun makamai, bindigar farauta kuwa lasisinta na Sufeto Janar na 'yan sanda ne. Dokar ba ta yarda kowa ya ƙera ko ya gyara bindiga ko harsashi ba tare da izini ba, ta kuma hana yanke bututu ya gaza inci 20. Dajin Falgore da fadamar tsuntsaye ta Baturiya wurare ne da aka killace, ba a farauta a cikinsu.

Fara da bututu. Karya bindigar, wato ka buɗe ta a mahaɗarta, ka tabbatar babu komai a ciki, ka ɗaga ta wajen haske ka leƙa ta baya. Lafiyayyen bututu yana nuna zobban haske a jere, zagaye sosai. Inda zobe ya karkace, akwai lotsawa ko kumburi a wurin, kuma irin wannan bindiga ba a sake harba ta sai mai gyara mai rajista ya gani. Duba toshewa ma: bindigar da ta kwana biyu a rataye a ɗakin ƙasa, zanzaro yakan gina gidansa a bakinta, kuma wannan ɗan laka ya isa ya tsaga bututu. Sai ka cire katakon gaba, ka rufe bindigar, ka riƙe ƙota ka girgiza. In ka ji bututu yana motsi, mahaɗar ta ci, wannan ma aikin mai gyara ne.

Wanki ba shi da wuya: sanda ta katako, burushin tagulla, tsumma da man bindiga kaɗan. Ka goge man tas kafin harbi. Da hunturu mai yana kama ƙura, da damina kuma tsatsa ke ci, don haka kowace fita sai an goge.

Yanzu gwajin kansa. Nemi busasshen kududdufi ko tudun yashi wanda zai tare harsashi, nesa da hanyar makiyaya da masu zuwa gona. Kafa kwali mai faɗin mita ɗaya da 'yan kai kowane gefe, ka yi baƙin ɗigo a tsakiya da gawayi. Toshe kunnuwanka.

Gwajin farko daga mita 15 ne. Kada ka tsaya dogon saiti. Ɗaga bindigar zuwa kunci kamar yadda kake yi idan tsuntsu ya tashi, ka harba. Yi haka sau uku zuwa biyar a kan kwali ɗaya. Inda ramukan suka fi taruwa, nan bindigar take kai harsashi a hannunka. Bindigar farauta ba ta da abin saiti na baya, idonka ne yake yin wannan aiki, shi ya sa harbi ke bin ido. In taron ya sauka ƙasa da ɗigo, idonka ya yi ƙasa: ɗaura fata a saman ƙota inda kunci ke kwanciya. Kaucewar santimita biyu da rabi a wannan nisa tana buƙatar kaurin kusan milimita ɗaya da rabi, saboda haka a ƙara kaɗan-kaɗan. In kana harbi da kafaɗar dama amma taron yana tafiya hagu sosai, gwada idonka. Nuna wani abu mai nisa da yatsa idanu biyu a buɗe, sannan ka rufe na hagu. In yatsan ya tsallake daga abin, idon hagu ne ke jagora, kuma sabon bututu ba zai magance wannan ba. Runtse na hagun lokacin harbi, ko ka koma kafaɗar hagu.

Gwaji na biyu shi ne na watsuwa, daga mita 37, wato yadi 40. Wannan karon ka dafa bindigar a kan buhun yashi, harbi ɗaya kwali ɗaya. Bayan harbi ka nemo tsakiyar inda ramuka suka fi yawa, ka kafa ƙusa, ka ɗaura igiya mai tsawon santimita 38, ka zana da'ira. Ƙirga ramukan ciki, kana yi wa kowanne alama don kada ka maimaita. Harsashin bindiga mai lamba 12 (lambar faɗin bututu ke nan) mai nauyin giram 32 yana ɗauke da ƙwayoyin dalma kusan 150 in girman ƙwayar lamba 4 ne a ma'aunin Amurka, kusan 250 in lamba 6 ne, BB kuwa, wato manyan ƙwayoyi, hamsin da 'yan kai. Bututu mai matsattsen baki yana sa kusan kashi 70 cikin ɗari a da'irar, matsakaici kashi 60, buɗaɗɗe kashi 40. Ke nan da lamba 4, ramuka 105 alamar matsattsen baki ce, 60 kuma buɗaɗɗe. A bindigogin Turai da yawa an buga taurari a ƙarƙashin bututu: ɗaya matsattse, uku matsakaici. A mai baki biyu, galibi na dama ya fi buɗewa, don harbin kusa.

Yawan ramuka kaɗai bai isa ba. Dubi giɓi. In akwai wurare da dama a cikin da'irar da tafin hannunka zai rufe ba tare da ya taɓa rami ba, fakara za ta wuce ta nan lafiya, ko kuma ta tafi da rauni ta mutu a banza, wanda ya fi muni. Wannan ne laifin BB a kan ƙananan tsuntsaye: ƙwayar tana da ƙarfi, amma ta yi kaɗan. Ga fakara da kurciya lamba 6 ta fi, ga zabo da zomo lamba 4. Gwada kowane iri sau biyar, domin kwali ɗaya yana yin ƙarya. Sannan ka matso mita 30 da 25 ka sake. Nisan da giɓi ya ɓace, shi ne iyakar bindigarka da wannan harsashi.

Karanta tsawon ɗakin harsashi, wato inda harsashi ke zama, da aka buga a jikin bututu: 65, 70 ko 76, a milimita. Harsashin 76 yana shiga ɗakin 70 cikin sauƙi, domin tsawon da aka rubuta na kwanson da ya riga ya buɗe ne. In aka harba, bakinsa ba ya samun wurin buɗewa, matsi ya hau. Kada kuma harsashin bindiga mai lamba 20, wanda ya fi siranta, ya shiga aljihu ɗaya da na mai lamba 12. Yana zamewa cikin bututu ya maƙale, wani ya biyo bayansa.

Harsashin da aka sake ɗurawa a kasuwar ƙauye ba a san irin albarushinsa ba, ba a san nauyinsa ba, kuma kowanne daban yake da ɗan'uwansa, don haka babu saitin da za a iya yi da shi. Wasu kuma ƙwallon keke ko gutsuren ƙusa suke zubawa a madadin dalma, ƙarfe kuwa yana kankare cikin bututu ya kumbura bakinsa. Na kamfanin ma, a ajiye shi a busasshen wuri, ba a kan daɓe ba. In ka ja kunama bai tashi ba, bar bakin yana kallon tudu na daƙiƙa 30 kafin ka karya. In ya tashi da rarraunar ƙara, tsaya ka leƙa bututun, domin robar cikin harsashi takan maƙale a tsakiya, kuma harbi na gaba a kanta zai sauka.