Yadda nake shirya kekena kafin gasar tirayatlon

A gasar tirayatlon, wato gasar da ake yin iyo, a hau keke, sannan a yi gudu a jere, idan taya ta yi maka faci a tsakiyar hanya, doka ba ta yarda wani naka ya miƙo maka hannu daga gefen titi ba. Kai ne matuƙi, kai ne makaniki. Kuma keken ne ke cin mafi yawan lokacinka: kilomita 40 a zangon Olamfik, 90 a rabin Ironman (tirayatlon mai dogon zango), 180 a cikakkensa. Shi ya sa nake so ka san kekenka da hannunka, kada ka bar komai ga mai gyara.

Abin da ya fi cin wannan keken shi ne zufa. Da yake kana kife ne a kan sandunan gaba, gwiwar hannu a kan matashi, duk zufarka a kan notinan kan keke take ɗiga, ga ruwan zaƙin da ke tsiyaya daga gora. Gishiri da sukari su taru, noti ya yi tsatsa, boris ɗin wuyan keke ya fara ƙara. Duk ranar da na dawo daga atisaye, sai na sa jiƙaƙƙen tsumma na goge wurin kafin in shiga wanka. Lokaci-lokaci kuma nakan ɗaga matasan hannun in duba ƙarƙashinsu, in shafa ɗan giris a zaren notinan. Wajen ɗaurewa kada ka yi da ƙarfin tuwo, musamman idan sandunan na kabon ne (wani abu mara nauyi da ake ƙera keken tsere da shi), domin tsagewa yake yi. Yawanci an rubuta adadin a jikin ƙarfen, sau da yawa 5 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ko kusa da haka, sai ka nemi sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri.

Sarƙa kuwa, ka goge ta, ka ɗiga mai a kowace gaɓa, ka juya feda baya, sannan ka share rarar man tas. Man da ya zauna a waje ƙura kawai yake tarawa. Akwai ɗan ƙarfen auna miƙewar sarƙa. Idan giyarka ta baya 11 ce ko 12, da ya nuna miƙewar ta kai kashi 0.5 cikin ɗari ka canza sarƙar, tun kafin ta cinye haƙoran giyar.

Gyaran gaske, irin su sabuwar taya, sabuwar sarƙa, robar birki ko waya, ina yin sa ne mako biyu kafin gasa, don in samu in hau sau uku ko huɗu in ji ko wani abu ya saki. A makon gasa ba na taɓa tsayin sirdi ko da kaɗan. Zaman da jikinka bai saba da shi ba zai nuna maka kansa ne lokacin da ka sauka za ka fara gudu.

Ga inda na taɓa ƙonewa. Na sa ƙafafu masu zurfin rim, amma tib ɗin da ke jakar ƙarƙashin sirdi tsoho ne mai gajeren bawul. Taya ta sace, na canza cikin sauri, sai ga bawul ko leƙowa bai yi ba ta ramin rim ɗin. Na tsaya riƙe da kwalbar iska, 'yar ƙaramar kwalbar gas ta hura taya, a hannu, mutane suna ta wuce ni. Tun daga ranar, nakan zazzage jakar a ƙasa in gwada komai: tib mai bawul daidai da zurfin rim, ƙarafan ɓanɓare taya biyu, kwalbar iska biyu da bakinta, da ƙaramin alanki. Ka kuma gwada canza tayar baya a gida har hannunka ya saba, don ita ce mai wuyar. Idan tayarka marar tib ce, ka duba ruwan toshe huda da ke ciki, yakan bushe cikin 'yan watanni.

Daren gasa, idan giyarka ta lantarki ce, ka yi wa batir caji.

Da asuba sai iska. Mutane da yawa suna bankawa taya iska har ta yi kamar dutse, suna zaton ta fi gudu, alhali a titi mai gargada tsalle kawai take yi tana gajiyar da kai. Ni a taya mai faɗin milimita 28, ina tsayawa wajen psi 70 a ma'aunin iska, amma nauyinka ne zai yanke maka, kuma kada ka wuce abin da aka rubuta a jikin rim. Ka ɗaga kowace ƙafa ka juya ka saurara ko birki na goga, ka matse birki biyun, ka tabbata ƙafafun sun ɗauru. Ka bar keken a giya mai sauƙi, saboda za ka fito daga ruwa kanka na juyawa. Hular kwano kuma ka ajiye ta a kan sandunan gaba, bakinta sama, maɗaurinta a buɗe, domin sai ka ɗaure ta kafin ka sauke keken daga marataya.