Yadda ake shuka agbayun a gidajenmu na Jidda da Jazan

Agbayun, kamar yadda Yarabawa ke kiranta, ƙaramar bishiya ce ta dazuzzukan Afirka ta Yamma mai jajayen 'ya'ya, waɗanda idan mutum ya tsotsi ɗaya, lemon tsami zai koma masa zaƙi na kusan rabin awa. Wani Bafaranshe, Chevalier des Marchais, ya rubuta labarinta a 1725 bayan ya ga mutanen gaɓar teku suna tauna ta kafin cin abinci, sannan a 1852 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Daniell ya raɗa mata sunan Synsepalum dulcificum da masana tsirrai ke amfani da shi.

Da farko, a nemi ɗanyen iri, a shuka shi da zarar an cire shi daga ɗan itacen. Ƙwallon da ya bushe a jakar matafiyi ya riga ya mutu, kuma sayen busasshe ta intanet asarar riyal ce kawai. A tura shi cikin tukunya da zurfin gaɓar yatsa, zai tsiro cikin makonni 2 zuwa 3.

Inda na ga yawancin 'yan'uwanmu suna rasa shukarsu shi ne wajen ƙasa da ruwa. Bishiyar nan ƙasa mai tsami take so, wadda ma'aunin tsaminta, wato pH, bai wuce 4.5 zuwa 5.8 ba, alhali ƙasar nan Saudiyya cike take da farar ƙasa da gishiri. Kada a ɗebo yashin ƙofar gida, kada kuma a zuba toka. A sayo bitmos (ruɓaɓɓen gansakuka mai tsami) da farlait (farar tsakuwa mara nauyi) daga masu sayar da tsirrai, a haɗa su rabi da rabi. Ruwan rijiya shi ne babban maƙiyinta, domin a hankali yake kashe tsamin ƙasar, ganye ya yi rawaya, mai shukar ya zaci yunwa ce ya ƙara taki, saiwa ta ƙone. Ni ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki kaɗai nake yarda da shi: ba shi da gishiri, kuma kyauta ne. Idan rawayar ta riga ta bayyana, a barbaɗa garin farar wuta kaɗan a saman tukunyar.

A ajiye ta a inuwa, nesa da zafin azahar, ana fesa wa ganyen ruwa. Ɗumin Jazan ya fi dacewa da ita. Taki kaɗan ya isa, kuma sai bayan shekaru 3 zuwa 4 za ta fara 'ya'ya.