Hanyar Zama Malamin Ɗaliban Likita Mai Binciken Ƙwayoyin Halitta a Kano

Ƙofa biyu ake bi. Mai digirin ilimin sassan jiki ko na sinadaran jiki da sakamako mai kyau, bayan bautar ƙasa, yana iya farawa a matsayin mataimakin malami, ya yi digiri na biyu, sannan na uku. Likita mai MBBS, wato digirin likitanci, kuma yakan shigo a mataki na sama da haka, amma shi ma digiri na uku na jiransa in bincike zai yi da gaske. Daga nan ƙarin girma har zuwa farfesa ya dogara ne kan koyarwa da maƙalun da ka wallafa, yawanci shekara 3 tsakanin mataki da mataki.

Inda matasa suka fi tuntuɓe shi ne zaɓen abin da za su bincika. Zaɓi tambayar da kayan aikinka da wutarka za su iya ɗauka. Rainon ƙwayoyin halitta yana buƙatar zafi 37 a ma'aunin Salshiyas, da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari, dare da rana. Wuta ta ɗauke na dare guda, aikin wata uku ya tafi. Don haka kafin ka sayi ruwan raino, tabbatar akwai sola da batir a kan na'urar raino da firizar ajiyar samfuri mai sanyin -80 a ma'aunin Salshiyas. Lokacin hunturu ƙura kan shigo da ƙwayoyin cuta. A rufe tagogi, a goge wurin aiki da sifirit mai ƙarfin kashi 70. In ruwan raino ya yi gurɓi ya koma rawaya cikin dare ɗaya, bakteriya ta shiga, zubar da shi kawai.

In babu waɗannan, fara da jini da tsoka. Sikila da zazzaɓin cizon sauro suna nan birjik, kuma rinin Giemsa da madubin likita sun isa ka fara. Tsoka kuwa a jiƙa ta a fomalin, sinadarin da ke hana ta ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10, a dasa ta a kaki, a yanka kaurin maikiron 5 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Zafin Afrilu yana sa kakin da aka dasa ta a ciki ya yi laushi, sai a ɗora shi kan ƙanƙara kafin yanka.

Kada ka taɓa samfurin majiyyaci daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Mujallar kirki ba ta karɓar aikin da babu shi. Malaman Jami'ar Bayero na iya neman tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na ƙaro karatu da na bincike. Mujallar da ta yi maka alkawarin wallafawa cikin mako guda in ka biya kuɗi, guje ta, domin masu tantance ƙarin girma kan jefar da irin waɗannan maƙalu.